Ranar da Alhaji Tanko Ya Kawo Mahautansa Awon Jini

Duk daɗewar da na yi ina ɗibar jinin mutane a Fatakwal, akwai safiyar da ta ƙi fita raina, safiyar wata Litinin cikin damina da Alhaji Tanko ya cika mana baranda da mahauta. Ku da kuka fara aikin nan bara da bana kun sha ji ina cewa a rufe ƙofa kafin a buɗe baki, har kun laƙaba mini Anti Rufe-Ƙofa kuna zaton ban ji ba. Na ji sarai, na ma san wadda ta raɗa sunan. To yau ga inda abin ya samo asali. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, don haka kada wani ya wahalar da kansa zuwa kwata neman Alhaji Tanko.

Lokacin ni ce ƙarama a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin kuɗi a Diobu, bayan kasuwar Mile One, inda hon ɗin Keke Napep da ihun kwandastoci ke raka mu tun safe har mu tashi. Shugabarmu Madam Boma ce, doguwar mace mai tabarau, wadda babu sakamakon da ke fita sai ta duba ta sa hannu. Ni aikina ɗibar jini da haɗa gwaji, sai kuma aikin da ba a ɗauke ni dominsa ba, wato tafinta. A Borokiri aka haife ni, mahaifina mai sayar da nama ne, kuma duk asibitin ni kaɗai ke jin Hausa. Da an hango hula da doguwar riga a bakin get sai ka ji an ƙwala kira, "Binta, your people don come." Mutanen nawa kuwa ba sa ce mini komai sai Likita. Na yi ta gyara musu har na gaji na bar su.

Akwai al'adar da sai wanda ya tashi cikin 'yan kasuwarmu na kudu zai gane ta. Mutumin da ya zo daga arewa ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, maigidansa ke kawo shi. Maigidan ne zai zauna gaban likita, shi zai faɗi inda ke yi wa yaron ciwo, shi za a gaya wa abin da aka gani, sannan ya zaɓi abin da zai juya masa da Hausa. Mai ciwon yana gefe yana kallon fanka. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Maigidan nan shi ya ba shi wurin kwana ranar da ya sauko daga tirela, shi ke belinsa idan 'yan sanda sun kama shi, in kuma ta Allah ta kasance shi zai tsaya a yi masa sutura. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyin da wuya ka fahimtar da shi cewa akwai abin da ya shafi yaronsa amma shi bai shafe shi ba.

Alhaji Tanko irin waɗannan masu gidan ne, kuma babba a cikinsu. Yana sauke shanu daga arewa, yana da mahauta a kwata, yana da masu teburi a Mile One da kasuwar Oil Mill. Abokin mahaifina ne, a hannunsa na ci tsiren farko a rayuwata, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Mutum ne mai kyauta, mai faɗa, wanda in ya furta magana a gaban jama'a sai ya kai ta ƙarshe ko da ya gane ta karkace, saboda an riga an ji.

Abin da ya tayar da zancen shi ne wani yaronsa mai rakiyar shanu da ciwo ya kama a hanya. Ƙasusuwansa suka ɗauki raɗaɗi har ya kasa tsayuwa, direba ya tsaya a wani gari aka kwantar da shi. Tirela ta kwana biyu a bakin titi, shanu suka rame, ɗaya ya mutu. Likitan can ya ce sikila ce. Yaron ya samu sauƙi ya koma garinsu, amma Alhaji bai huce ba. Sai wani mai guntun sani ya zauna da shi a rumfa ya bayyana masa cewa akwai wani harafi S da ke ɓuya a cikin jini, kuma ana iya gano shi da awo. Nan take Alhaji ya kafa doka: kowane yaro nasa sai an auna shi, wanda aka samu da S a ba shi kuɗin mota ya koma arewa.

Ga waɗanda ba 'yan aikin nan ba, bari in taƙaita bayani. Gwajin jinotayif yana nuna irin jinin da mutum ya gada. Mai AA bai gaji sikila ba. Mai SS shi ne mai ciwon, wanda muke kira amosanin jini. Mai AS kuwa ɗauke da ita kawai yake, lafiyarsa ƙalau, yana iya kayar da bijimi ya tashi ya ci tuwonsa, abin da zai kula da shi shi ne jinin wadda zai aura. Irinsu suna da yawa ƙwarai a cikinmu, da wuya a ja sahun salla babu su a ciki. Ko mai SS ɗin ma in yana samun kulawa yana neman abincinsa daidai gwargwado. Amma a wurin Alhaji duk ɗaya ne, ko S ta zo ita da 'yar'uwarta ko ta zo da A, ba ya son ganinta a kwatarsa.

Watanni kafin nan Madam ta dawo daga wani taron horaswa ta tara mu ta yi mana lacca. Ta ce ƙasashen duniya sun daɗe suna kokawa da wannan matsala, tun da aka fara iya karanta abin da mutum ya gada a jininsa. Wasu ƙasashe sun yi dokar da ta hana mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora ya yi amfani da wannan ya ƙi mutum. An kuma yi matsaya ta bai ɗaya cewa kada a ware kowa saboda abin da ya gada, kada a ba wani sakamakon wani sai da yardar mai shi, kuma mai jinin yana da ikon ya ce shi ma ba ya son ji. Ni dai ina gyaɗa kai, hankalina yana kan janaretanmu da ya ƙi tashi tun safe. A raina na ce wannan damuwar Turawa ce, wa zai zauna yana karanta jinin wani a Diobu. Ashe damuwar tana nan tafe cikin babbar riga.

Ranar Asabar kafin zuwansu, da rana tsaka ana sheƙa ruwa, Isiyaku ya shigo. Mahaucin Alhaji ne, magidanci da ya haura arba'in, gwanin fiɗa da ba a taɓa jin ya huda fata ba. Shi da iyalinsa suna ɗaki ɗaya a Borokiri, layi ɗaya da gidanmu. Na san abin da mutanen kwata ba su sani ba, domin ni ke ɗibar jinin 'yarsa Hauwa duk sanda ciwo ya tashi. SS ce. A kwata cewa yake yi yawan zazzaɓi ne ke damunta.

Ya tsuguna a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Likita, jibi Alhaji zai kawo mu."

"Na ji labari, Malam Isiyaku. Tashi ka zauna a kujera."

"Nan ma ya isa. Kin san abin da za a gani a nawa, tunda ke kika gaya mini wancan karon. Don Allah in an zo rubutawa ki rubuta mini irin na masu lafiya."

"Kai ma ai mai lafiya ne."

"Alhaji za ki gaya wa wannan. In ya sallame ni wa zai ɗauke ni a garin nan? Kafin la'asar kowa ya ji dalili. Maganin Hauwa daga wuƙar nan yake fitowa, Likita. In na koma gida ban san da me zan riƙe ta ba."

Na ce masa ƙarya ba zan rubuta ba ko mahaifina ne ya roƙe ni, domin sakamakon ƙarya yana iya jawo wa wani masifa watarana. Amma na yi masa alkawarin bakina ba zai faɗa wa kowa nasa ba. Ya yi godiyar da ba ta kai ciki ba, ya koma cikin ruwan. Tausayinsa ya hana ni cin abincin rana, kuma gaskiya ban san ta inda zan ɓullo wa lamarin ba.

Litinin da safe sai ga bas ta tsaya a bakin get. Mahautan suka cika bencinan baranda, wasu a tsaye, warin ɗanyen nama da ƙamshin turaren Alhaji suka haɗu suka kori na maganin da muke goge ƙasa da shi. Alhaji yana gaba da carbinsa.

"'Yar Malam Garba, an tashi lafiya? Ya hajiyarki?"

"Lafiya lau, Baba Alhaji. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ga su nan na kawo miki. Ki auna su ɗaya bayan ɗaya, ki ware mini su gida biyu. Masu kyau nan, masu S nan."

"Baba, ba haka ake yi ba."

"Haka likitan dabbobi yake yi mini, kuma bai taɓa musu ba."

Hayaniyar ta fito da Madam. Na gaya mata abin da ake ciki, ta zare tabarau ta dube shi sama da ƙasa.

"Oga, na human being blood be this, no be cow own. Person wey get the blood, na him go hear the result."

Alhaji ya fi ni jin burokan, wato Turancin kasuwa, da shi yake ciniki tun kafin a haife ni, amma sai ya juyo gare ni wai in fassara. Haka yake yi duk sanda magana ba ta yi masa daɗi ba. Na ce masa Madam ta ce jinin mutum ba na saniya ba ne, mai jini kaɗai ake gaya wa sakamako, na ƙara da cewa ƙasashen duniya ma sun yi doka a kan haka.

"Gaya mata ni zan biya."

"Ta ce ko ninkawa ka yi, jinin nasu ne."

Ya sha toka, ya ja carbi da ƙarfi. Can sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar dillalin da ya hango gurgunta a sa mai tsada.

"To madalla. Ku gaya wa kowa nasa a ɓoye, ku ba shi takardarsa. Ni zan zauna nan a benci, duk wanda ya fito ya nuna mini. Ko ita dokar ta hana yaro ya nuna wa maigidansa takarda?"

Nan na gane ya gano inda ƙa'idarmu ba ta kai ba. Tana iya rufe bakina, ba ta iya hana Alhaji zama a benci. Madam tana iya cewa ba za mu yi gwajin ba gaba ɗaya, amma a bayan layi akwai masu ɗakin gwajin da za su yi masa yadda yake so ba tare da tambaya ba. Na saci kallon Isiyaku, yana can ƙarshen benci kansa a ƙasa.

Madam ta ce a ci gaba, amma a tambayi kowa ko ya yarda kafin a taɓa shi. Na fito da tire na ce wa zai fara. Babu wanda ya motsa. Ƙattan da ke rungumar ƙahon sa kullum suka yi tsuru-tsuru suna kallon juna. Sai Baba Ɗanjuma, wanda ya fi su tsufa, ya yi gyaran murya.

"Likita, ba raina aikinki na yi ba. Amma mu fa mun ji ana cewa jinin da ake ɗiba a asibitocin garin nan ba duka ake zubarwa ba. An ce akwai masu saye."

Wannan jita-jita ba baƙuwa ba ce a wurina, kuma ina da bayanin da nake yi a kanta. Nakan nuna wa mutum 'yar kwalbar, ya ga ko cokali ba ta cika ba, in nuna masa inda muke zubar da ragowar. Ranar dai ban yi gaggawar bayanin ba. Na koma ciki na ɗauko sirinji mafi girma da muke da shi, wanda ba ruwansa da wannan aikin, na ajiye shi a kan tire inda kowa zai gani.

"Baba Ɗanjuma, a nan ba a sayar da jinin kowa, ni shaida ce. Amma ni yarinya ce, maganata ba za ta kwantar muku da hankali ba. Ni dai na tashi na ga in an kawo abincin da ba a saba da shi ba, maigida ke fara sa hannu."

Sai guna-guni ya fara tashi daga baya, wannan ya ce gaskiya ne, wancan ya ce ai haka aka saba, Alhaji ya fara. Alhaji ya yi mini wani kallo da na san zai kai ƙarata wurin hajiyata.

"Ni ai ba ni ke rakiyar shanu ba," in ji shi.

"Amma kai ne gaba da mu, Alhaji," in ji Baba Ɗanjuma cikin ladabi. "Duk inda ka sa ƙafa nan muke sawa."

Babu hanyar fita. Ya miƙe ya yarfa hannun riga a kafaɗa.

"Ku ji mini yaran nan. Jinina ne abin tsoro? Mu gidanmu ba a san wannan ciwo ba tun kakan kakana. A fara da ni. Kuma nawa a tsakar barandar nan za a faɗe shi kowa ya ji."

Muka shiga. Na tambaye shi ko da yardarsa, ya ce da yardarsa mana, ko na ga an ɗaure shi ne. Amma da na ɗaura masa robar a hannu sai mutumin da ya yanka shanun da ba sa ƙirguwa ya juya fuska bango ya fara salati. Ya tambaye ni ko da waccan babbar za a yi, na ce a'a, waccan ta ado ce.

"Kin gama?"

"Ban fara ba, Baba."

"To me kike jira, 'yar nan?"

"Ka saki hannuna tukuna."

Da aka gama ya fito ya naɗe hannu a kan audugar, gumi na tsatsafo masa a goshi, yana cewa ko cizon sauro bai kai ba. Daga nan suka biyo layi, har da Isiyaku, wanda ya miƙo mini hannu bai ko dube ni ba.

Kada ku ɗauka na san abin da ke cikin jinin Alhaji, ta ina zan sani? Abin da nake so kawai shi ne ya zauna a kujerar nan, ya kwana yana sane da cewa jininsa yana firjin wata, ko zai ɗan ɗanɗana abin da ya jefa mutanensa a ciki. Madam ta lura da ni. Muna jera kwalabe ta ce, "Binta, wetin you dey plan?" Na ce babu komai. Ta ce ko ma mene ne, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa har ogan: a ɗaki, shi kaɗai, kuma a fara da bayani kafin sakamako.

Wuta ta yi mana halinta, injin da ke raba jinin ya yi ta tsayawa, don haka sai Laraba suka dawo. Alhaji ya tsaya a baranda ya ce a faɗi nasa a nan kamar yadda ya yi alkawari. Na ce ƙa'ida ita ce ya fara ji shi kaɗai, in ya fito yana iya hawa gadar Mile One ya yi shela. Yaransa suka ƙunshe dariya, ya biyo ni yana mita.

Na rufe ƙofa. Sakamakonsa yana cikin ambulan a kan tebur, ban taɓa shi ba. Na ɗauko murafen kwalba, fari a matsayin A, ja a matsayin S, na fara bayanin da muke yi wa kowa: kowane yaro yana ɗaukar murfi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In duka biyun ja ne, shi ne mai sikila.

"Dakata," in ji shi. "Daga uwa dai."

"Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, Baba."

"In uban lafiyayye ne fa? Ƙato, bai taɓa kwanciya a asibiti ba?"

"Yana iya ɗauke da ita har ya tsufa bai sani ba."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon murafen nan biyu. Da ya yi magana muryar ba ta Alhajin baranda ba ce. Ya ce kafin ya zo kudu yana da mata a garinsu, Rabi, auren saurayi da budurwa. Ta haifa masa 'ya'ya biyu, namiji da mace. Duk biyun hannuwansu da ƙafafunsu sukan kumbura, idanunsu su yi ɗorawa, in sanyi ya shigo su yi ta kuka har murya ta dushe. Babu wanda ya kai shekarun makaranta. Mahaifiyarsa da gwaggwanninsa suka ce jinin Rabi ne ba shi da kyau, daga danginta ne, shi kuma ya yarda ya sake ta.

"Ranar da za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce mini, Tanko, ni kaɗai na haife su? Na ce ta wuce ta ba ni wuri." Ya ɗago kai. "'Yata, sikila ce ta kashe su?"

"Ban sani ba, Baba. Ba a auna su ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Naka ne kaɗai a hannuna. In faɗa maka?"

Ya dubi ambulan ɗin, ya kau da kai.

"A'a. Bar shi."

"Kana da wannan ikon. Yana nan duk ranar da ka so. Amma 'ya'yanka masu shirin aure su zo su san nasu."

Ya gyaɗa kai. Duk dariyar da na shigo da ita ta gudu, tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya goge fuska da gefen riga, ya gyara zaman hula, ya buɗe ƙofa. Kafin ya kai baranda ya koma Alhaji Tankon da aka sani.

"To Alhaji, me aka gani?" in ji Baba Ɗanjuma. "Mun kasa kunne."

"Me aka gani a ina? Kai Ɗanjuma, da furfurarka kake tambayar jinin mutum a bainar jama'a? Ba kwa jin labarin duniya ne? Ƙasashe sun zauna sun hana wannan tuntuni. Jinin mutum amana ce. Kowa ya shiga ya ji nasa ya rufe bakinsa. Wanda na ji yana tambayar na wani, shi zan ba kuɗin mota."

Madam ta raɗa mini wai me yake cewa. Da na juya mata sai ta shige ciki da sauri, na jiyo ta tana ɓoye dariya da tari a bayan firji. Mahautan kuwa suka dubi juna, kowa ya yanke abin da ya yanke a ransa, amma babu wanda ya kuskura ya furta.

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Na gaya wa Isiyaku abin da ya riga ya sani, na ce ya tafi hankalinsa kwance. Shi dai bai yarda an tsira haka da sauƙi ba, kuma mutum ne da ba ya iya kwana da abu a ciki. Ina tsaye a taga na ga ya tsuguna gaban Alhaji a bakin bas.

"Alhaji, ni gara in faɗa da bakina kada ka ji daga baya. Nawa dai..."

"Na tambaye ka?"

"A'a, amma..."

"Shanu na can suna jiran fiɗa, kai kana nan kana mini lacca. Tashi ka shiga mota."

Ba a ba kowa kuɗin mota ba. Alhaji kuwa bai dawo karɓar nasa ba, kuma na ga wasunku sun fara gyara zama, to ku ma ba zan gaya muku ba. In muka haɗu a Mile One yakan gaishe ni da kyau, ya ɗan tsura wa fuskata ido ko zai karanta wani abu, ni kuma in tambaye shi kasuwa.

Abin da na koya a ranar shi ne, matsayar da manya suka cimma a can ƙasashen waje gaskiya ce, amma ba za ta kawo kanta kwata ba, mu da ke riƙe da sirinji ne za mu kai ta. Mutanenmu ba allura suke tsoro ba, kuma ba sanin jininsu suke gudu ba. Tsoronsu abin da za a yi da sanin ne in ya faɗa hannun wanda ke ba su abinci. Masu gidanmu kuma ba azzalumai ba ne, sun dai saba da cewa komai na yaro nasu ne, sai an sa su a kujerarsa suke gane inda iyakarsu take.

Bayan 'yan makonni Isiyaku ya kawo Hauwa da sanyin safiya, lokacin da kwata ta fi cika da aiki, kuma ba ciwo ne ya tashi ba, duba lafiya kawai. Na tambaye shi yadda aka yi ya samu fita. Ya ce Alhaji ne ya ja shi gefe ya ce daga yanzu duk ranar ganin likita ba shi da aikin safe, ya kai yarinyar a duba ta, kada ya riƙa jira sai ta kwanta.

"Na ce masa, wace yarinya, Alhaji? Tunda ni ban taɓa gaya masa ba."

"Me ya ce?"

Isiyaku ya gyara wa Hauwa ɗankwali.

"Ya ce, ina zan sani? Ni ba na tambayar jinin mutane."